Shawara: "Anti, matan unguwarmu sun ƙi ba mu gudummawar bohol"

Saƙon da ya shigo:

Assalamu alaikum Anti, fatan kina lafiya ya iyali. Ni matashi ne ɗan shekara 29, nine sakataren kwamitin ci gaban unguwarmu anan Zariya. Muna neman kuɗin haƙa bohol mai sola ne saboda wahalar ruwa ta ishe mu. Watan jiya mukayi taron ƙaddamarwa, muka kafa kanofi muka gayyato alhazai da 'yan siyasa, akayi ta alƙawari a lasifika har kusan miliyan 6 amma har yau abinda ya shigo hannu bai kai miliyan 1 ba. Abinda yafi ƙona min rai mata ne Anti. Kujera 50 muka aje musu ko rabi basu cika ba, muka zagaya da kwali abinda aka samu a ɓangarensu bai kai dubu 40 ba, alhali sune suka fi kowa shan wahalar ruwan nan. Na tura lambar asusu a gurup na WhatsApp shiru. Har gwaggona, yayar babana, da take saida atamfa a gida kuma tana da rufin asiri, naje na sameta tace Allah ya bada sa'a ta bani dubu 2, bayan sati ɗaya naji ta biya wa wata maƙwabciyarta kuɗin tiyatar haihuwa dubu 150. Dan Allah wannan rowa ce ko raina mu sukayi? Ya zamuyi mata su shigo cikin aikin nan?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka ya saka maka da alheri, matashi kamarka yana yawo cikin rana saboda mutanen unguwa su samu ruwa ba ƙaramin abu bane kuma ina so ka san na ga ƙoƙarinka tun kafin in faɗa maka inda kuka kuskure.

Amsarka tana cikin saƙonka, a wajen gwaggo. Matar da ta ciro dubu 150 cikin jarinta na atamfa ta biya wa maƙwabciya tiyata ba tare da an kafa mata kanofi ba, ba a kira sunanta a lasifika ba, kai kanka sai bayan sati ɗaya kaji a bakin mutane, wannan matar ai ba a kawo maganar rowa a kanta. Ta san mai cikin, ƙila tare suke zuwa islamiyya, ƙila ita aka fara bugawa ƙofa da daddare da naƙuda ta yi tsanani, ta ga abin da idonta, ta san hannun da kuɗin zai shiga da abinda zai yi. Dubu 2 ɗin da ta baka kuwa ba na bohol bane, na ɗan ƙaninta ne da yazo gaisheta kada ya fita hannu rabbana. Bohol ɗinku har yanzu bata san shi ba, labarinsa kawai taji.

Kuma wallahi haka yawancin mata suke, suna bayarwa kullum ta Allah, kawai dai baya shiga littafin kowane kwamiti. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta duk sanda zata auna shinkafa ko garin tuwo sai ta ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ta zuba a wata tsohuwar samira da take ajewa bayan randa, bata taɓa cewa komai akai ba, ranar Alhamis da yamma sai ta ƙulle abinda ya taru a leda ta ba ɗaya daga cikinmu tace kai gidan wance, ki shiga ta baya kada yara su gani. Bamu san sunan abin sadaka ba a lokacin, mu dai mun san samirar bayan randa ba a taɓa ta. Yanzu ka lissafa kwanon almajiri safe da dare, da gudummawar biki da suna da idan mace bata kai ba sai ta kasa haɗa ido da ƙawarta, da fulas ɗin kunu da ake kaiwa dubiya asibiti, da kwasar adashi da wata zata haƙura ta bar wa wadda mijinta ya kwanta ciwo, da marayan da aka ƙara cikin 'ya'yan gida aka yi masa ɗinkin sallah iri ɗaya da nasu. Duk daga haɓar zanin mace yake fita, daga ribar ƙosai da awara da kitso da ɗinki. Kaga kenan kuɗin da kuka je nema a kwali ya riga ya sami hanyarsa tun kafin kuzo, aikinku shine bohol ɗin ya shiga cikin wannan hanyar.

Shi taron ƙaddamarwa irin wanda kukayi, tsarin maza ne tun daga tushe. Alhaji zai miƙe a ce ya bada dubu 500 a tafa, ya samu abinda yazo nema a take, shiyasa cikawar take wahala daga baya (ku bi su dai a hankali da takarda da dattijo ɗaya da suke jin nauyi, wasu zasu cika). Amma ka tsaya ka sa kanka a matsayin mace. Idan ta miƙe aka sanar ta bada dubu 50, kafin ta isa gida labari ya riga ta, dangin miji sun ji, abokiyar zama ta ji, gobe da safe masu neman rance sun yi layi, wani mijin ma sai ya rage kuɗin cefane tunda ashe tana da shi, ga halin tsaro da muke ciki da babu mai son a san abinda yake da shi. Idan kuma dubu 1 ce da ita sai taji kunyar sakawa a kwali gaban mutane bayan an gama kiran miliyoyi. To wace zata bi? Sai ta zauna a gida. Kuma Allah da kansa ya faɗa a suratul Baƙara aya ta 271 cewa in an bayyana sadaka yayi kyau, in an ɓoye aka ba mabuƙata shi yafi alheri, mata da yawa a kan wannan aka tarbiyyantar dasu.

Sannan ƙarfe nawa kuka sa taron? Idan irin na hantsi ne zuwa azahar to lokacin ɗora tukunya ne da dawowar yara. An je an nemar musu izini wajen mazajensu ko kati kawai aka liƙa a masallaci? Kuma in tambayeka, abincin da baƙinku suka ci ranar waye ya dafa? Ina kyautata zaton matan unguwar ne suka wuni a bakin murhu, wasu da itacensu da man gyaɗarsu, kuma ba a rubuta wannan a matsayin gudummawa ba.

Ka tuna hadisin ranar idi da yake cikin Bukhari. Manzon Allah (SAW) ya gama huɗuba sai yaga kamar maganar bata isa ga mata ba, sai ya taka da kansa yaje inda suke tare da Bilal, yayi musu wa'azi nasu daban ya kwaɗaitar dasu sadaka, Bilal ya shimfiɗa tufafinsa mata suna ta jefa 'yan kunne da zobba. Duba abu biyu anan, shi yaje wajensu bai ce su taso su keta sahun maza ba, kuma abinda yake jikinsu aka karɓa, ba a ce sai dinari ko dirhami ba.

To kai namiji ne, gidaje da yawa ba ka shiga, kuma bai ma dace samari su dinga bi gida gida suna neman matan aure da maganar kuɗi ba, wannan zai jawo muku zargi ya ɓata aikin gaba ɗaya. Tambayar da nafi so ka amsa wa kanka itace mace nawa ce a cikin kwamitinku? Baka ambata ko ɗaya ba. Kowace unguwa tana da matan da idan suka ce a yi to an yi, akwai malamar islamiyyar matan aure, akwai uwar adashi wadda shekara da shekaru mata suna bata kuɗinsu ko sisi bai taɓa yin ciwon kai ba, akwai ungozoma da ta san cikin kowane ɗaki, akwai mai markaɗe ko mai kitso da duk labarin unguwa a wajenta yake kwana. Waɗannan su ne ƙofar. Kuma ba sabon abu nake kawo maka ba, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta so ilimi ya isa ga matan ƙauyuka haka tayi, ta zaɓi dattijan mata amintattu ta naɗa musu malafa aka kira su jaji, sune suke jagorantar ɗalibai mata da ake kira 'yan taru su zo su ɗauki karatu su koma su koyar a garuruwansu, mace ce take kai saƙo wajen mace. FOMWAN ma, tarayyar ƙungiyoyin mata musulmi ta Najeriya da aka kafa a Minna a 1985, ta haka ta bazu har ta kai ga makarantu da asibitoci, daga amira zuwa amira. In akwai reshensu ko wata ƙungiyar mata ta addini kusa daku kuje ku gaida amirar da ladabi ku nemi shawararta.

Amma dan Allah kada ku ɗauko su don su zama masu tara muku kuɗi kawai ku kuma kuna yanke hukunci a majalisa, zasu gane cikin sati ɗaya su janye jiki. Ku basu kujera ta gaske, ɗaya daga cikinsu ta zama cikin masu sa hannu kafin a cire kuɗi a banki, wata ta riƙe kwafin littafin shiga da fita. Kuma ku tambaye su ainihin aikin, domin su ne suka san ruwa. Su suka san nawa ɗan garuwa yake saida jarka yau da nawa yake sayarwa in zafi ya tsananta, su suka san jarka nawa gida mai yara takwas yake sha a rana, su ne 'ya'yansu mata suke makara makaranta saboda layin rijiya. Ina zaku kafa famfon? Idan kuka kafa shi a gaban majalisar samari ko ƙofar masallaci, uwa bazata so ta tura budurwar 'yarta ba, matar aure ma bazata iya zuwa ba ko da daddare. Baki nawa za a sa, wa zai riƙe makulli, ƙarfe nawa za a buɗe, za a dinga karɓar wani ɗan abu ne don gyara ko kyauta ne. Ranar da mace ta ce a matsar da famfon zuwa lungun can aka kuma matsar, daga ranar bohol ɗin ya zama nata, zakaga yadda zata tsaya a kai.

Sai yanayin karɓar kuɗin. Mace bata cika bada dunƙule ba amma in ta ɗauki abu tana ɗorewa, tarbiyyar adashi kenan, zubi kaɗan kaɗan ba fashi. Kayi lissafi da kanka, mata 200 kowace tana zuba naira 500 a sati dubu 100 kenan duk sati, sati 10 miliyan 1, ya wuce abinda duk taronku ya kawo a hannu kuma babu kuɗin hayar kanofi. Wasu adashin ma ana iya roƙonsu su ƙara hannu ɗaya a ce wannan kwasar ta bohol ce. Wadda bata da kuɗi ta kawo kwanon masara ko wake ko kaza, ko turmin atamfa irin na gwaggo, matan su sayar a tsakaninsu, wadda zata dafa wa ma'aikata abinci ranar haƙa a rubuta shi da sunan gudummawa kamar yadda aka rubuta na alhaji.

Lambar asusun da ka tura a gurup sunan wa take fitowa? In sunanka ne ko na ciyaman to kada kaji haushin shirun, mutane sun sha ganin an tara kuɗin masallaci ko na marayu a asusun mutum ɗaya abu ya bi ruwa. Ku yi ƙoƙari ku yi wa ƙungiyar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusu da sunanta, kafin nan aƙalla asusun haɗin gwiwa mai sa hannun mutum biyu ko uku. Kuma ka sani dattijan mata da yawa basa transfa, wata ko wayar ta ɗanta ce, wata kuma bata son alat ya nuna abinda ta fitar, don haka a bar ƙofar kuɗin hannu a buɗe ta wajen uwar adashi ko malama, da ɗan rasit mai lamba, wadda bata so a rubuta sunanta a rubuta baiwar Allah a bata lambarta ta riƙe.

Ku dena cewa miliyan kaza muke nema, adadin yana kashe gwiwa, mai dubu 3 sai taga nata ɗigo ne a teku. Ku karɓo takardar ƙiyasi daga masu haƙa ku rarraba ta, ga kuɗin tanki, ga na fanel ɗin sola ɗaya, ga na bututu, ga buhun siminti, ga kan famfo. Sai kaji matan islamiyya ajin safe sun ce tankin namu ne, wata hajiya tace fanel ɗaya nata, wata tace buhu biyu.

Akwai kuma wata magana da nasan tana taɓa zuciyar mata sosai kuma gaskiya ce ba dabara ba. Sa'ad ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce tafi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya yace wannan ta Ummu Sa'ad ce. Mata nawa ne a unguwarku suke kwana da tunanin me zasu yi wa iyayensu da suka rasu, ko ɗan da suka binne, basu da ƙarfin haƙa rijiya su kaɗai amma suna da ƙarfin bututu ɗaya? Malama ta faɗa musu wannan a aji da bakinta. Ta basu labarin Zubaida matar Haruna Rashid wadda ta ga wahalar ruwa da alhazai suke sha ta kashe dukiyarta aka jawo ruwa zuwa Arfa da Makka, aka yi rijiyoyi da matattarar ruwa a hanyar Kufa zuwa Makka, sama da shekara 1,200 kenan kuma har yau da sunanta ake kiran hanyar da idon ruwan.

Sai inda nake so kuyi hattara. Kada ku karɓi zakka ku zuba a bohol, zakka tana da mutanenta kashi 8 da aka lissafa a suratut Tauba aya ta 60, kuma malamanmu na Malikiyya basa sa gina masallaci ko haƙa rijiya a ciki. Za a samu mace tace ga zakkar gwal ɗina, wanda ta aje don jari ya kai nisabi wajen giram 85 ya shekara ta fitar da kashi 2.5 cikin 100, to ku gode mata ku nuna mata gidajen mabuƙata ta kai, na bohol sadaka ce daban. Haka kuma dukiyar mace tata ce a musulunci babu mai ja, sai dai a mazhabar Malikiyya in matar aure zata kyautar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukiyarta ana neman yardar miji, sauran malamai da yawa basu sa wannan sharaɗin ba, ni dai shawarata in kyautar babba ce ku ce ta sanar da maigida, kada aikin lada ya zama sanadin rigima a gidan mutane. Liman ya yi wa magidanta bayani bayan sallah cewa mata zasu zagaya, saboda kowa ya sani. Kuma wadda take takaba ko aka raba musu gado kwanan nan kada a je mata da maganar kuɗi, a je mata gaisuwa. Hotunan mata kuma kada wanda ya ɗora a Facebook ko status sai da izininsu.

Abinda zai sa su sake bayarwa wata na biyu da na uku shine su ji labari. Duk Juma'a a yi sautin murya da Hausa, minti ɗaya ko biyu, mace ce zata yi shi ba kai ba, tace wannan satin kaza ya shigo, kaza aka kashe akan kaza, saura kaza, saboda ba kowace ce take karanta dogon rubutu ba amma kowa yana sauraron boyis. A ɗauki hoton rasit da hoton tanki ranar da aka sauke shi. In matsala ta faru, misali aka haƙa ba a samu ruwa a zurfin da aka zata ba kuɗi ya ƙaru, a faɗa musu ranar kafin su ji a bakin ɗan garuwa. Kuma ranar da ruwa ya fito dattijuwar da tafi kowa shekaru a cikinsu ita ya kamata ta fara murɗa famfon.

Yanzu ka koma wajen gwaggo, amma kada kaje da takardar neman taimako kuma kada ka ko ambaci maganar tiyatar nan, bata yi don kaji ba kuma in ka faɗa zataji kamar ƙirga mata kake. Kaje da yamma bayan la'asar sanda masu sayen atamfa suka ragu, ka riƙe mata ɗan goro ko lemo, ka zauna a ƙasa ku gaisa sosai ka tambayi jikinta da kasuwa. Sannan kace gwaggo mun yi taro bamu iya ba, nazo ki gaya min inda muka ɓata, kuma wa kike ganin mata zasu yarda su ba kuɗinsu a unguwar nan. Sai kayi shiru ka saurara ko da faɗa ta fara yi maka. Sunayen da zata kira maka ka rubuta su a wayarka a gabanta, ka roƙeta ita ta aika musu su haɗu a ɗakinta ranar da ta ga ya dace, kai da liman ko mai unguwa ku tsaya daga zaure kuyi bayani da takardar ƙiyasin a hannu, in sun gama tambayoyinsu ku tashi ku basu waje su tattauna. Kuɗi kada ka nema a wannan zaman. Bayan sati biyu ka sake rubuto min in ji abinda suka yanke, Allah ya dafa muku ya sa ruwan ya fito da albarka.